CZ 82 da na saya: bindigar ta burge ni, mai sayarwar ya ɓata mini rai

Ƙaramar bindigar hannu ce, tsohuwar ta soja, na yi odarta daga wani kamfani aka turo ta. Ranar da na je karɓo ta a shagon dillalin bindigogi na unguwarmu a nan jihar Ohayo ta Amurka, sai da na cike fom 4473, takardar gwamnati da mai sayen bindiga ke cikewa, aka bincika sunana, sannan aka miƙo mini kwalin. Ko mota ban kai ba na buɗe. Na ja marfin sama baya, na tabbatar babu harsashi, na ɗaga bututun saitin fitila na leƙa. Gabana ya faɗi. Cikin sumul yake kamar bututun famfo, babu tsagin nan da ke murɗa harsashi, ko alamarsa ban gani ba.

Ɗaya bindigar tawa, Makarov ƙirar Bulgeriya, in ka leƙa bututunta tsagin nan a fili yake. Wannan kuwa sai ƙyalli. Nan take na yanke cewa sojojin Chekoslobakiya sun harba ta har ta cinye, aka shafa mata giris aka turo mini. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na rubuta wa kamfanin da ya sayar mini saƙo mai zafi har sau biyu ina gogewa.

Ranar Asabar na tafi da ita filin harbi, niyyata in samu shaidar da zan mayar musu da kayansu. Akwai wani dattijo mai gyaran bindigogi da ke zama a wurin, na kai masa na ce, "Baba, don Allah duba mini wannan, ina jin an cuce ni." Ya leƙa sau ɗaya, ya miƙo mini ya ce babu abin da ya same ta, haka aka ƙera ta. Ashe CZ 82 ba ta da tsagi irin na sauran bindigogi. Cikin bututun ne aka yi shi da kusurwoyi masu laushi da ke murɗawa daga farko har ƙarshe, aka kuma shafe shi da ƙarfen kurom mai ƙyalli, shi ya sa ido ke ganinsa kamar madubi. Ya ce in karkata shi kaɗan a haske. Na karkata, sai ga inuwar murɗin tana tafiya a hankali.

Na sa takardar da ake auna harbi a kanta a nisan yadi 15. Harsashi 12 magazin ɗin, wato gidan harsashin, ke ci, na sauke su duka ba gaggawa. Da na jawo takardar, tafin hannuna ya rufe ramukan gaba ɗaya. Makarov ɗin da na shekara uku ina harbawa ba ta taɓa ba ni haka ba. Kunamar tana da santsi, ko a jan farko da ba a ɗana ta ba ba ka kokawa da ita. Marikin yana da kauri, ya cika hannu, don haka shurinta bai dame ni ba duk da cewa bututun a kafe yake kuma ƙarfin harsashin ne kai tsaye ke tura marfin baya. Ni bahago ne, kuma makullin kariya da maɓallin sakin magazin duk suna aiki ta ɓangare biyu. A bindigar soja da aka ƙera a shekarun 1980 a garin Uherski Brod na Chekoslobakiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wallahi na dawo gida ina murna kamar an ba ni kyauta.

Sai da na zauna wanke ta ne ɓacin ran ya dawo. Na biya kamfanin ƙarin kuɗin nan da suke cewa za su zaɓo maka mai kyau daga cikin tarin. To ina zaɓin? Baƙin fentin ya ɓare a bakin bindigar da gefen marfin, inda kube ya shekara yana goga. Na san fenti ne, na san tsohuwar kayan soja ce, ban sa ran sabuwa ba. Amma hoton da suka sa ba haka yake ba, kuma kuɗin zaɓen sun karɓe shi. Tallar ta ce magazin biyu da kube. Kuben ya zo, magazin ɗaya ne a ciki. Duk mai neman magazin ɗin CZ 82 na asali ya san abin da ake sayar da shi yanzu. Na kira su sau uku, wata ta ce za a aiko, yau sati biyar ke nan shiru.

Ga kuma harsashi. Mai girman 9x18 take ci, ba 9x19 da ke kowane shago ba, kuma kada wani ya yi gangancin musanya su, kaurin kansu ma ba ɗaya ba ne. Tun da Amurka ta hana sabon izinin shigo da harsashin Rasha a 2021, mai arha da muka saba da shi ya yi wuya. Sai dai in yi odar na Turai ta intanet in jira.

Bindigar kam ba zan rabu da ita ba, ta ture Makarov daga jakar da nake zuwa fili da ita. Amma wurin mutanen nan ba zan sake sayen ko burushin wanki ba sai na ga magazin ɗina na biyu a hannu.