GARGAƊI: Milimita 6 na biya, milimita 2 ya aiko mini

Jama'a, kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, don duk lokacin da na fara sai raina ya ɓaci in kasa ci gaba. Yau dai zan faɗa ko da a hargitse ne. Akwai wani mutum da ke yawo a dandalin masu motocin shiga daji yana tallar farantan kariya na ƙarƙashin mota, yana cewa alminiyom ne mai kaurin milimita 6, an yanka daidai da motarka, ɗaurawa kawai za ka yi. Ƙarya yake. Ɗan damfara ne. Ni ya yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma saura ƙiris in rasa injin motata gaba ɗaya a dalilinsa.

Tun kafin wani ya zo ƙasan rubutun nan ya ce mini araha na bi, ba araha na bi ba. Kuɗin kaya mai kyau na biya, cif. Da a ce ya sa farashin banza da tun farko na tsargu. Kuma ni ba jiya na fara shiga ƙarƙashin mota ba. Hilux ɗina mai dizal shekara da shekaru muna tare, ni nake juye mata baƙin mai da hannuna. Ɗan farantin da ta zo da shi daga kamfani tuni duwatsu suka gama da shi, dama ba don dukan dutse aka yi shi ba, don tare ruwa da tsakuwa ne. Sai da na yi wata biyu ina bincike kafin in ce zan saya. Na san abin da nake nema. Na san ƙarfe ya fi jure gurzar dutse kuma in ya lanƙwashe ana iya buge shi a yi masa walda, amma yana da nauyi kuma yana tsatsa. Na san alminiyom nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, shi ya sa ake yin sa da kauri, milimita 6 ko 8, inda na ƙarfe ake yi 3 ko 4 ko 5. Na zaɓi alminiyom ne don ba na son ɗora wa gaban motar kaya. Ina faɗin duk wannan don ku gane ba makaho ya samu a hanya ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne wata magana guda ɗaya da ya yi mini. Ni 8 na ce masa ina so. Milimita 8, kuma na yarda in ƙara kuɗi. Sai ya turo saƙon murya, a natse, ya ce: "Yallaɓai, kar ka ɓata kuɗinka. Irin hanyar da ka ce kana bi, 6 ta ishe ka. In na sayar maka da 8 na cuce ka, nauyi kawai za ka ƙara wa mota." Ku ji fa. Mai kaya ana miƙa masa ƙarin kuɗi yana cewa a'a. A nan na saki jiki. A daidai wannan saƙon. Na saurare shi ya fi sau ashirin tun da abin ya faru, ina neman inda muryarsa ta yi rawa, ina neman wata alama da ya kamata in kama, wallahi babu. "In na sayar maka da 8 na cuce ka." Wane ne a cikinku zai ji wannan bai yarda ba?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ya tambaye ni shekarar motar. Ya tambaye ni giyar hannu ce ko atomatik, ya ce gadar da ke riƙe giya ba wuri ɗaya take zama ba. Ya tambaye ni ko na sa ƙarfen gaba, don wani lokaci farantin farko da shi yake haɗuwa. Tambayoyin masu sana'a ne sak. Sannan ya turo bidiyo, ya kama bakin faranti da ma'aunin kauri, lamba ta fito 6.0 ƙarara. Bidiyon yana nan a wayata, zan ɗora shi.

Faranti 4 muka yi ciniki: na gaba da ke ƙarƙashin lagireto, na ƙarƙashin kaskon baƙin mai, na giya da akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba da na baya, sai na tankin mai. Faranti 4, milimita 6, kwana 10. Ya ce in ba da kashi 70 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami don ya sayo falle ya yanka. Na tura kashi 70 a daren. A daren nan, ko gari ban bari ya waye ba.

Kwana 10 suka zama 41. Amma tsaya, na tsallake wani abu. Ragowar kashi 30 ɗin ba da kaya suka iso na biya ba kamar yadda muka yi da farko, tun a kwana na 20 da wani abu na tura, ko kafin nan ma, zan duba ranar a jikin rasit. Ya ce injin lanƙwasa ya lalace, daga baya ya ce mai fenti ne ya riƙe kayan sai an sallame shi, sai ya turo hoton faranti 3 a kan sikeli, kilo 24 da ɗan wani abu. Ni kuma na zauna na yi lissafi, don ku san ba da ka na yi abin nan ba. Murabba'in mita ɗaya na alminiyom mai milimita 6 kilo 16 ne da ɗoriya. Farantan nan uku in an haɗa faɗinsu zai kai murabba'in mita ɗaya da rabi. Ya ba ni kilo 24. Lissafi ya fita daidai, sai na tura kashi 30 hankalina kwance. Abin da ban kawo a raina ba shi ne, ƙarfe mai milimita 2 shi ma murabba'in mitarsa kusan kilo 16 ne. Nauyinsu kusan ɗaya. Mutumin nan ya san haka. Ba kuskure ya yi ba, zama ya yi ya auna yadda zai yaudari wanda ya iya lissafi. Kashi 70, sannan kashi 30, sannan kuɗin ɗauko kaya da ya ce yana cikin ciniki amma daga baya ya dawo kaina. Duka na biya.

Na tankin mai ya ce zai biyo baya. Har yau yana biyowa. Na biya 4, na karɓi 3, ukun ma ba su ne na biya ba.

Da kayan suka iso, eh, na duba. Masu cewa me ya sa ban duba ba, na duba. An shafe su da fenti mai kauri ruwan toka mai ɗan ƙyalli, ciki da waje. Bakin kowane faranti an naɗe shi sau biyu an matse, an cike da fenti, ka taɓa ka ji kauri. Ninki uku na milimita 2, ga 6 ɗinka nan. Wurin da ya kama da ma'auni a bidiyo ke nan. Ramukan noti kuma duk ya liƙa musu zobe, ba ka ganin ainihin kaurin fallen ta nan. Da yamma muka ɗaura ni da wani abokina, muna sauri don da asuba za mu kama hanya. Ramuka biyu ba su hau kan na shasi ba, sai da muka faɗaɗa su. Na kira shi a lokacin, ya ɗauka, ya ce, "Ranka ya daɗe, wasu shekarun ana samun ɗan bambanci, ba komai." Na lura babu ƙofar juye baƙin mai, wato duk juye sai an sauke farantin dungurungum, alhali a hoton tallarsa akwai. Ya ce yaransa ne suka manta. Na lura tazarar da ke tsakanin farantin da kaskon mai ko yatsa ba ta ɗauka. Wannan kam ta tsaya mini a rai, amma na ce alminiyom mai milimita 6 ba zai motsa ba. Da a ce shi ne da bai motsa ba ɗin.

Notocin da ya haɗo da su ma sai daga baya na duba kansu, inda ake rubuta lambar da ke nuna ƙarfin noti. Waɗanda ke da lamba, 4.8 ne a rubuce, wato marasa ƙarfi, sauran ko lamba babu. Abin da za a ɗaura a ƙarƙashin mota ya sha duka ana sa masa 8.8 ne ko 10.9. Kawunansu kuma a waje suke tsuru-tsuru, ba a nutsar da su ba, duk dutsen da ya zo su zai fara shara.

Ba wani mugun wuri muka shiga ba, wannan ma yana ƙona mini rai. Gangare ne mai duwatsu, a giyar ƙasa nake, tafiyar da mai ƙafa zai wuce ni. Gaban ya sauka a kan wani dutse, na ji ƙum. Irin dukan da dominsa ake sayen farantin. Na ce alhamdu lillahi ga ranar kayan nan. Ban yi nisa ba na fara jin wata ƙara kamar ana kaɗa gwangwani a ƙarƙashina, can sai fitilar baƙin mai ta kawo ja. Na kashe inji nan take. Allah ne ya sa idona yana kan allo, don injin da ya rasa mai ba ya jiran ka gama tunani. Da na leƙa, farantin ya lotsa sama kamar murfin tukunya da aka taka, ya daki kaskon ya tsaga shi kusa da notin juye, noti ɗaya ya guntule, mai yana bin farantin yana zuba ta baya. Da babu farantin ma wataƙila dutsen ya goga ya wuce. Abin da na saya don ya kare injin shi ya kai masa dukan.

A daji muka wuni. Sai jan motar aka yi.

Wajen bakanike ne na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ina tsaye ina ba shi labari, ina cewa alminiyom ne milimita 6 ban san yadda aka yi ya lanƙwashe ba. Bai ce mini komai ba. Yaronsa, yaro ƙarami, ya ɗauko mayen ƙarfe da suke tsintar noti da shi ya kai jikin farantin, ya manne ɗaf. Alminiyom ba ya kama mayen ƙarfe, kowa ya san wannan, ni ma na sani. Maigidan ya sa giranda ya ɗan yanka tsakiya, tartsatsi ya tashi ja, ya auna. Milimita 2. Har da fentin ma bai kai 2 da rabi ba. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ai fallen ƙofa ne." Daga baya na koma na yi lissafin da ya fi ci mini rai: taurin falle wajen lanƙwasa yana tafiya ne da kauri sau kauri sau kauri, don haka ko da yake ƙarfe ya fi alminiyom tauri kusan sau 3, alminiyom mai milimita 6 ya fi ƙarfe mai milimita 2 ƙin lanƙwasa kusan sau 9. Sau 9 ne tsakanin abin da na biya da abin da aka ba ni.

Na tura masa hoton mayen ƙarfen a manne. Da farko ya ce wai wani sabon gami ne mai ɗan ƙarfe a ciki. Da na tura hoton yankan, ya ce ni na yi ganganci da mota, wai ba a yi farantin don faɗa da dutse ba. To don me aka yi shi? A'a, kafin wannan ma ya ce yaransa ne suka yi musanya da kayan wani, zai aiko mini da nawa in na mayar da waɗannan da kuɗina. Na ce ya fara dawo da kuɗin farantin tanki da bai taɓa zuwa ba. Ya ce ranar Litinin. Litinin ta zo ya toshe ni. Na kira da wani layin, yana jin muryata ya kashe. Shafin nasa ya canja suna, amma hotunan su ne dai, bidiyon ma'aunin nan mai nuna 6.0 shi ne dai, jiya ma na gan shi yana amsa wa wani bawan Allah da "Yallaɓai, 6 ta ishe ka." Kalma ɗaya bai canja ba. Ashe ba ni kaɗai aka yi wa wannan karatun ba, ni kuma na ɗauka amana ce ta sa ya faɗa mini. Mutum biyu sun riga sun same ni ta akwatin saƙo, ɗaya ko fallen ƙofar ma bai samu ba, kashi 70 ɗinsa ya tafi.

Yanzu ga kuɗin faranti 4, ga kuɗin ɗauko kaya, ga jan mota, ga sabon kasko, ga baƙin mai da matatarsa, kuma har yanzu ƙasan motata a buɗe yake kamar ranar da na fara bincike. Ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi.

In za ka saya, tafi da mayen ƙarfe, ka auna kaurin a tsakiya ba a baki ba, ka duba lambar kan noti, kuma kar ka cika kuɗi sai kaya yana hannunka.

Hotunan hirarmu, rasit na kashi 70 da na kashi 30, hoton sikelin mai kilo 24, da saƙon muryar nan, duk ina haɗa su. Sai na rufe lambobin asusu tukuna don kar a sauke rubutun, kuma na kai ƙorafi banki suna so in kawo musu komai a jere. Farantan suna nan a gareji ban taɓa su ba, mayen ƙarfen ma yana manne a inda yaron ya sa shi. Da daddare zan ɗora bidiyon ma'aunin kusa da hoton yankan, ku gani da idonku.