Gidan ƙyanƙyasar tarwada na hanyar Dadin Kowa: abin da na gani bayan wata huɗu

Ina da tafkin siminti guda uku a bayan gidana a Tumfure, kuma shekara shida ke nan ina kiwon tarwada. Bara a watan Afrilu, ana tsakiyar zafin Gombe, na sayo 'ya'yan kifi dubu biyu a hannun wani mai kawowa daga kudu. Kwana tara suka yi. Kullum da asuba sai in tarar da su sun yi fari a saman ruwa, ciki sama, ina kwashewa da rariya ina zubawa a bokiti. Na zuba gishiri, na zuba maganin kafso da aka ce in zuba, duk a banza. Abin ya ci min rai ƙwarai, domin kuɗin sallamata daga aiki ne a ciki.

Shi ya sa bana na canza wuri. Wani abokin sana'a ya kwatanta min wani gidan ƙyanƙyasa a hanyar Dadin Kowa, kafin a kai madatsar ruwa. Matashi ne mai wurin, ya karanta kiwon kifi a jami'a. Tun daga bakin ƙofa na ga bambanci. Akwai kwano da ruwan magani da za ka tsoma takalminka, kuma kowane tanki da homarsa rataye a jikinsa, an shafa wa mariƙin fenti kala daban don kada a cakuɗa. Na miƙa hannu zan taɓa ruwan wani tanki, sai ya ce, "Baba, yi haƙuri, a wanke hannu tukuna."

Na ce ina son dubu biyu yau. Ya ce sai bayan mako biyu, wai waɗanda suka kai girman da nake so yana kallonsu ne tukuna. Raina bai so ba, na ce yaro, da kuɗina fa na zo. Sai ya jawo min benci ya ba ni labarin kawa.

Kawa dabbar teku ce mai ɓawo biyu, kamar ƙumbar da muke tsinta a bakin Gongola, amma a Turai nomanta ake yi kamar yadda muke kiwon kifi. Ya ce a shekarar 2008 wani sabon nau'in ƙwayar bairos ta dangin hapis, wadda masana ke kira OsHV-1, ya faɗa wa gonakin kawa a Faransa. Ƙanana ya fi kashewa, a wasu gonakin kusan babu abin da ya tsira. Masu bincike suka lura cewa ƙwayar tana lafawa lokacin sanyi, sai zafin ruwan teku ya haura digiri 16 a ma'aunin Celsius sannan mutuwa ta fara. Ke nan kana iya sayen 'ya'yan kawa lafiyayyu a ido, alhali suna ɗauke da ita. A 2010 ta bayyana a Ostireliya da New Zealand, a 2016 ta isa tsibirin Tasmaniya da ke kudancin Ostireliya. An kuma same ta a wasu dangin ƙumba da ake nomawa. Ba ta kama mutum. Abin da ya fi tsaya min shi ne da ya ce kawa ba ta da irin garkuwar jikin da allurar rigakafi ke dogara da ita, don haka manoma suka koma ga hana yawo da iri daga wannan ruwa zuwa wancan, da gwaji, da zaɓen iyayen da suka tsira a ci gaba da haihuwa da su.

Na tambaye shi ko ita ce ta kashe min kifi bara. Ya ce a'a, ta kawa daban. Kifi ma yana da nasa hapis ɗin: akwai wanda aka gano a tarwadar Amurka a 1968, shi ma ƙanana yake kashewa idan ruwa ya ɗumama, akwai kuma na wani kifin ado da ake kira koi. Amma ya ce ba zai ɗora wa nawa suna ba tunda bai gwada ba, wataƙila ma wahalar tafiya ce da lalacewar ruwa. Wannan gaskiyar ta burge ni. Da wani ne, da tuni ya laƙaba wa cutar suna ya sayar min da magani. Shi kuwa cewa ya yi kafso ba ya kashe bairos, in daina zubawa barkatai.

Ranar ɗauka ya ce in zo bayan sallar asuba. Bai ciyar da su ba tun jiya don kada su ɓata ruwan jarka. Ya ƙirga a gabana, ya ƙara min hamsin. Ya sa na sayi ma'aunin zafin ruwa, ya ce kada in juye su kai tsaye, in riƙa ɗebo ruwan tafkina ina ƙarawa a jarkar a hankali, kuma su zauna a tafki guda su kaɗai mako biyu kafin su haɗu da kowa.

Akwai inda wurin ya gaza. Kuɗinsa ya fi na masu kawowa daga kudu, ƙaramin mai kiwo zai ji a jikinsa. Ba shi da injin gwajin PCR mai gano ƙwayar cuta, idonsa ne da madubin ƙara girma da littafin da yake rubuta mace-macen kowane tanki. Waya kuwa sai ka kira sau huɗu, kuma hanyar shiga idan damina ta sauka sai babur.

Wata huɗu ke nan yanzu. Ina da littafina ni ma, kuma abin da na rasa bai kai saba'in ba, yawancinsu a makon farko. Na riga na ba shi kafin alƙalami na zubin watan Oktoba, na kuma sayo homa biyu, ɗaya na shafa mata ja, ɗaya shuɗi.