VCarve, Fusion ko Rhino: wacce ta iya wuyan jita?

Gangar jita mai lantarki ba abin tayar da hankali ba ce a injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa. Katako ne shimfiɗaɗɗe, a zagaye gefensa, a fafe gurbin wuya da guraben na'urorin ɗaukar sauti, a huda ramukan sukurori. Kusan kowace manhaja za ta fitar maka da wannan. Ni da bayan wuyan jita nake gwada manhaja, daidai inda zagayensa ke bajewa ya shige dunduniya, wato gindin wuyan da ke haɗuwa da ganga, da can sama inda yake haɗuwa da kai. Wadda ta iya waɗannan wurare biyu ta iya sauran.

Da VCarve na kamfanin Vectric na fara, kuma har gobe ina buɗe ta. Tana da sauƙin hali. Ka zana layi, ka gaya mata zurfi da bakin yankan da za a ɗaura wa injin, ta nuna maka hoton katakon kamar an riga an yanka. A wajen ado, wato a fafe allon yatsu a dasa wani katako ko ɓawon kawa a ciki, ban ga wadda ta fi ta sauƙin sha'ani ba. Saye ɗaya ake yi mata, ba biyan shekara-shekara. Sai dai ba a gina siffa mai tudu da kwari a cikinta. Za ta karɓi wadda aka ƙera a wani wuri ta sassaƙa, amma ginawa sai babbar yayarta Aspire. Ita ma Aspire ɗin ta fi ƙwarewa a zane mai tasowa irin na allon ado, wanda ake kallo ta fuska ɗaya. Wuyan jita kuwa hannu ne ke kewaye shi. A lura kuma, ƙaramin samfurin VCarve yana da iyakar fili wajen santimita 60, wuya ya fi haka tsawo, sai an yanka shi kashi-kashi. A Windows take aiki.

Fusion ta Autodesk ita na fi daɗewa a kai, saboda lissafi. Tazarar firet, wato ƙarafan da ke gicciye a allon yatsu, ba a yin ta da ido. Idan tsawon tsirkiya daga farkon allon yatsu ta wajen kai zuwa jaki milimita 648 ne, irin na jitar kamfanin Fender, sai a raba da 17.817, firet na farko ya faɗo a milimita 36.4. A cire wannan, a sake raba abin da ya saura, haka har ƙarshe, na 12 ya zauna a tsakiya cif. A Fusion sau ɗaya nake rubuta wannan ƙa'ida. Ranar da aka ce ana son gajeren tsawo irin na jitar kamfanin Gibson, wajen milimita 628, lamba ɗaya zan canza, firet duka su matsa, gurbin sandar ƙarfen cikin wuya ya bi su, hanyar da bakin inji zai bi ta nemi a sabunta ta. Zane da yanka suna ɗaki ɗaya, ba a ta kwashe fayil daga nan zuwa can.

A ɓangaren yanka ma ta burge ni. Tana da salon fafe katako da ke hana baki cusa kansa gaba ɗaya a kusurwa, injin ya yi ta tafiya da murya ɗaya ba ya kuka. Tsagar firet faɗinta bai wuce milimita 0.6 ba, bakin da ke yin ta kamar allura yake, numfashi kaɗan ya karye. A nan kana iya sa tsagar ta bi lanƙwasar allon, ana sauka kaɗan-kaɗan, ta kuma tsaya kafin ta fasa gefe. Mai zarto ya san irin wahalar da wannan ke ba shi.

Tana da nata sharuɗɗan. Haya ake yi, ba mallaka ba, kuma ajiyarta a intanet take. Akwai ta kyauta ga mai yi don nishaɗi, amma tun 2020 aka rage mata ƙarfi: fayil 10 kacal za ka iya gyarawa a lokaci guda, injin ba ya gudu idan yana tafiya a sama ba yanka, kuma kowane baki da fayil ɗinsa. Ga mai yin jita ɗaya a wata, wannan ba komai. Ga mai sana'a, lokaci ne ke zuba. Koyonta kuma sai an zauna.

Dunduniyar fa? Fusion tana yi, amma sai an lallaɓa ta. A nan Rhino ta McNeel ta yi musu nisa. Ka ja layukan yankan wuya a firet na 1 da na 12, ka ja iyakar dunduniya, ta shimfiɗa fata a kansu sumul, har da zanen ratsi-ratsi da ke tona duk inda fatar ta karye. Wanda zai sassaƙa fuskar jita mai doro ko ta goge irin na Turai, inda kauri ke raguwa daga tsakiya zuwa gefe, ita zan nuna masa. Ita ma saye ɗaya ce. Amma zane kawai ta sani. Yanka sai ka haɗa ta da RhinoCAM, ƙarin manhajar da ke tsara yanka, ko ka kai siffar Fusion ko VCarve. Akwai kuma manhajar FreeCAD, kyauta ce, ta kuma gyaru sosai da fitowar 1.0 a 2024, sai dai a lanƙwasa irin wannan ba ta kamo su ba tukuna.

Yanzu dai wuya da allon yatsu a Fusion nake yin su, ado a VCarve. Da fuska mai doro ce yawancin aikina, da Rhino zan riƙe.

Kafin ka biya ko wacce, duba ko tana fitar da G-code, wato umarnin da injin ke bi, da yaren manhajar da ke tuƙa injinka, GRBL ne ko Mach3. Sannan a kwanakin gwaji kada ka ɓata lokaci a kan ganga. Zana wuya, ka huda ramuka biyu na turaku a kan layin tsakiya don juya katako, ka yanka gaba da baya a katakon banza da baki mai zagayen kai, tazarar layi kashi 10 cikin 100 na faɗinsa. Ka shafa dunduniyar da tafin hannu, ka ga yawan samfefar da za ta ci.