Ɗan Wasan Zari-Ruga na New Zealand: Zama Gida Ko Tafiya Faransa?

Masu bin zari-ruga na yawan tambayar nan. Ta fuskar kuɗi, kulob-kulob na Top 14, babbar gasar zari-ruga ta Faransa, sun fi biya. Amma wanda ya tafi ya rasa rigar All Blacks, tawagar ƙasar New Zealand, domin masu wasa a gida kawai ake ɗauka.

Jiki kuma yana jigata a Faransa: wasanni 26 a kaka ɗaya kafin zagayen ƙarshe. Dan Carter, tsohon ɗan wasan All Blacks, ya je kulob ɗin Perpignan na Faransa a 2008, jijiyar agararsa ta tsinke bayan wasanni biyar. Ya dawo gida, sai da ya ɗaga Kofin Duniya na 2015 ya tafi Racing 92, wani kulob na Faransa.

Matashi mai neman rigar ƙasa, gida ya fi masa. Wanda shekaru suka fara ja, Faransa ta fi dacewa da shi.