Shamfun ketoconazole a kan ƙyasbi: yana aiki, amma sai mai haƙuri

A jikin kwalinsa shamfun wanke kai aka rubuta, amma ni bayana da wuyana na wanke da shi, kuma ya yi mini abin da mayuka iri-iri suka kasa. Kamfanoni da yawa ne ke yin sa, saboda haka ba sunan kamfani zan ba ka ba. Abin da za ka nema a jikin robar shi ne ketoconazole 2%, sannan lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Adaidaita sahu nake tuƙawa a Kano, kuma a sana'ar nan ƙeyarka ce fuskarka. Duk wanda ya shigo, daga Kabuga har Kasuwar Rimi ita zai yi ta kallo. Ƙyasbin ya fara mini ne da bazara a tsakanin kafaɗu, daidai inda baya ke mannewa da ledar kujera. Ɗigo-ɗigo ne masu haske, suka yi ta haɗewa suna faɗi har suka hauro wuya. Ƙaiƙayinsa ba wani mai tsanani ba ne, sai dai idan gumi ya keto, nan ne za ka gan ni a danja ina goga baya a jikin kujera. Abin da ya fi ci mini rai shi ne idon mutane. Na ga uwar da ta janye hannun ɗanta daga kafaɗata. Wani matashi ya tambaye ni, yana dariya, wai ko bilicin na fara. A zafin Afrilu ina yawo da hirami a wuya, riga a ɓalle har maƙogwaro. A gida ma mai ɗakina ta ware mini tawul da soso, kuma ban ga laifinta ba.

Shawara kuwa kyauta ake ba ka a cikin keke. Wata hajiya ta dafa kujerata ta ce, “Ɗana, farar wuta za ka daka ka kwaɓa da man kaɗanya.” Wani ya ce lemon tsami da kanwa. Abokan sana'a kuma maganinsu ɗaya, man birki, tunda ga shi nan a hannu. Na ga wuyan wanda ya shafa. Fatar ta ƙone ta saluɓe, da ta warke sai baƙin tabo ya zauna, ƙyasbin kuma yana nan a gefe bai je ko'ina ba.

Wani mai kemis a unguwarmu ya ba ni man nan da ake ce wa uku-a-ɗaya. Ƙaiƙayi ya ɗauke nan da nan, har na yi masa godiya. Da bututun ya ƙare sai abin ya dawo, ya fi da faɗi. Sai daga baya wata mai harhaɗa magunguna a wani babban kantin magani ta karanta mini abin da ke ciki. Irin waɗannan mayukan akwai sitiroyid a cikinsu, clobetasol ko betamethasone, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi amma yana rage wa fata ƙarfin kare kanta. Wanda ya daɗe yana shafawa fatarsa takan yi laushi ta yi siriri, nankarwa ta fito. Har yanzu ina jin haushin mai kemis ɗin nan, don ko wuyan nawa bai duba ba ya miƙo mini.

Ita kuwa sai da ta duba. Ta ce, “Malam, ɗan kankare wurin da farce in gani.” Na kankara, sai wani ɓawo mai laushi ya tashi kamar garin tuwo. Ta tambaye ni ko ina jin taɓi a kan tabon, na ce ina ji sarai. Ta ce dalilin tambayar, idan wuri ya yi haske a fata kuma ba ya jin taɓi ko tsini, wannan ba na kanti ba ne, asibiti ake zuwa, domin kuturta takan fara da haka. Sannan ta gaya mini abin da ya fi maganin kansa kwantar mini da hankali. Abin da ke kawo ƙyasbi wani nau'in yis ne mai suna Malassezia, kuma yana zaune a fatar kusan kowane baligi yana cin maiƙon jiki. Zafi da gumi da maiƙo ne ke sa ya yi yawa a jikin wasu. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba cuta ce da ake ɗauka don an taɓa ka ba. Ranar na koma gida da bakin magana a kan batun tawul.

Amfani da shi ba wuya a faɗe. Ka jiƙa jiki, ka shafa daga wuya zuwa ƙugu har da damatsa, ba kan tabon kaɗai ba, ka bar shi minti 5, ka ɗauraye. Ta ce in yi haka kullum har kwana 5. A aikace kuwa, tsayuwar minti 5 a banɗaki da asuba, jiki a jiƙe, bokiti a gabanka, ta fi yadda kake zato tsawo, kuma idan ba ka duba agogo ba za ka ɗauraye tun bai yi komai ba. Ga tsakiyar baya inda hannu ba ya kaiwa, dole ka nemi taimako. Mai ɗakina ce ta riƙa shafa mini, tana yi tana tsokanata.

Aibinsa na farko robar ƙarama ce. Don kai aka auna ta, idan ka ce gangar jiki za ka bi da ita, kafin ka farga ta yi rabi, kuɗinta kuma ya fi na mayukan kemis nesa ba kusa ba. Ba ya kumfa sosai, sai ka ga kamar ba ka zuba isasshe ba ka ƙara, alhali ya isa. Yana busar da fata, yana ɗan yi zafi a inda ka sosa ka ji ciwo, idan ya shiga ido kuwa za ka gane kurenka.

Amma babban abin da ke sa mutane su ce ba ya aiki shi ne tabon ba ya tafiya tare da cutar. Ƙaiƙayi ya tsaya, na kankara ba abin da ke tashi, amma hasken yana nan daram a wuyana. Na koma kantin da niyyar ƙorafi. Ta ce ai yis ɗin yana hana fata yin launinta a inda ya zauna, ko ya mutu sai an ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin launin ya dawo. Alamar warkewa ita ce rashin ɓawon nan, ba ɓacewar tabo ba. Haka kuwa aka yi. A hankali gefen tabon ya riƙa dushewa, har wata rana wanzamina ya ce, “Maigida, ina taswirar nan ta wuyanka?” Da ba a yi mini wannan bayani ba, da tuni na jefar da robar na ce jabu aka sayar mini. A ganina duk mai sayar da shi ya kamata ya faɗi wannan kafin ya karɓi kuɗi.

Kuma yana dawowa. Tunda abin a jikinka yake zaune, da zafi ya kama sai ya sake ɗago kai. Yanzu nakan yi wanka da shi sau ɗaya a wata idan bazara ta gabato, na shimfiɗa tawul na auduga a kan ledar kujera, singileti ma na auduga nake sawa in canza da azahar.

Kada wani ya ji sunan ya je ya sayo ƙwayar ketoconazole ta sha, wai ta fi ƙarfi. Tun 2013 hukumomin magunguna na Amurka da Turai suka yi gargaɗi a kanta saboda tana iya lalata hanta. Ƙwayar griseofulvin da mutane ke sha don cutar fata ita ma ba ta yi wa ƙyasbi komai. Aikinta yana kan ƙorar kan yara, kuma a can shamfun nan shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai likita ya rubuta na sha na makonni.

Wanda bai samu shamfun ketoconazole ba, mai harhaɗa magungunan ta ce akwai shamfu mai selenium sulfide 2.5%, ana barin sa minti 10 kullum har kwana 7. Abokina da ya gwada ya ce ya yi masa aiki, warinsa ne dai ya sa matarsa ta ce ya riƙa yi da rana.