Bututun wankin ƙoda ya ƙi daina mugunya: a ƙara magani, a gyara, ko a canza?

Mai wankin ƙoda ta ciki, wato wanda ake zuba wa ruwa a ciki ya kwashi dattin jini a fitar, ya san darajar bututun roban nan da ke cikinsa, wanda likitoci ke kira Tenckhoff. Albarkacinsa yake wanki a ɗakinsa, ba sai ya je layin inji sau uku a mako ba. Shi ya sa idan bakin bututun ya fara fitar da mugunya, aka yi mako 2 ana shan maganin da ya dace bai daina ba, sai hankali ya tashi. Hanyoyi huɗu ne a gabanka, kuma farashinsu ba a kuɗi kaɗai yake ba.

Kafin a zaɓa, a san zurfin ciwon. Bututun yana da zobba biyu na zare da nama ke kamawa, ɗaya kusa da fata, ɗaya can cikin tsoka. Hoton sikanin zai nuna ko mugunya ta taru a wane zobe, gwajin mugunyar kuma ya faɗi sunan ƙwayar cutar.

Ƙara magani shi ne ya fi araha a ido, kuma shi ne iyalai suka fi so, don babu wuƙa. Yana da wurinsa: ƙwayar cutar Pseudomonas, alal misali, tana buƙatar aƙalla mako 3 tun farko. Amma ita da ƙwayar Staphylococcus aureus sukan shimfiɗa wani yauƙi a jikin roba wanda magani ba ya ratsawa. Ciwon ya lafa, a daina magani, ya dawo. Zagaye na uku da na huɗu, a ganina, asarar kuɗi ce, ga shi yawan maganin na buɗe wa fangas ƙofa. Shi ya sa ake haɗawa da maganin fangas, nystatin ko fluconazole.

Hanya ta biyu ƙaramar tiyata ce: a tsaga fata a kankare zoben waje, ko a yanke ɓangaren da ya lalace a haɗa sabo, a fito da shi ta wani wuri. Daɗinta, wanki ba ya tsayawa. Sharaɗinta, zoben ciki ya zama lafiya lau kuma ruwan wanki na fitowa garau. Wajen kankarewa ana iya huda robar, don haka ka tambayi likitan, cikin ladabi, sau nawa ya taɓa yi.

Ta uku ita na fi karkata gare ta idan ciwon ya yi taurin kai amma bai shiga ciki ba: a cire tsohon a sa sabo a zama ɗaya, ta wata sabuwar hanya, ana kan magani. Tiyata ɗaya, kwanciya ɗaya. Kwanakin farko za a riƙa zuba ruwa kaɗan kana kwance rigingine, don kada ɗinki ya yi yoyo.

Ta huɗu ba a cika zaɓenta ba, ita ke zaɓen mutum. Idan ruwa ya gurɓace, ciki na ciwo, kuma ƙwayar da ke bakin bututu ita ce a ciki, ko an yi kwana 5 ana magani ruwan bai washe ba, cirewa ake yi. Idan fangas ne, ba a jira ko kaɗan. Sai a koma wankin jini ta inji, a bar ciki ya huta aƙalla mako 2 kafin a yi maganar sabon bututu. Ita ce mafi tsada: bututun wuya da ake haɗawa da inji, kuɗin kowane zama, kuɗin mota. Amma jinkiri na iya lalata tantanin cikin da ke yin tacewar, wanda ba a sayen sabonsa.

Ga wanda ke nesa da cibiyar ƙoda, tambayar farko ita ce ko asibitin na da sabon bututu a ajiye da gurbin inji, kafin a sa ranar tiyata. Duk hanyar da aka bi, a tafi gida da man mupirocin ko gentamicin na shafawa a bakin bututun kullum bayan an wanke.