Jirgin koyo na rimot: mai batir ko mai shan mai?

Idan yau za ka fara koyon tuƙa ƙaramin jirgin sama na rimot, ɗauki mai batir. Na faɗa tun da wuri don kada a ce na ɓoye inda na karkata.

Mai shan mai yana da ƙara mai daɗi, ban musa ba. Amma sai ka zuba masa man methanol, ka zafafa filogin injin, ka yi ta murɗa allurar da ke daidaita shigar mai, in ya sauka kuma ka bi fiffike da tsumma kana goge maiƙo. Bar wa tsofaffin hannu.

Mai batir kuwa ka jona, ka gwada sandunan rimot, ka tashi. Galibi jikinsa kumfar roba ce, in ya sha ƙasa gam ya ishe ka, ba kamar katakon balsa da ke tarwatsewa ba. Nemi mai fiffike a saman jiki, ya fi natsuwa a iska. Jiragen Apprentice na kamfanin E-flite da AeroScout na kamfanin HobbyZone suna da tsarin SAFE: in ka ruɗe ka saki sanda, jirgin ya miƙe da kansa. Na fi son AeroScout saboda farfelarsa tana baya, ko ya kifa da hanci ba ta karyewa.

Inda ake cutar mutane shi ne batir. Na taɓa sayen batirin LiPo, irin wanda jiragen nan ke amfani da shi, guda uku a intanet, an rubuta 2200 mAh a jiki, wato yawan cajin da yake ɗauka, da araha har ina murna. Araha ba ta ado. Ko minti huɗu ban yi a sama ba injin ya ɗauke ina tsakiyar kwana, sai dai na je na tsinto fiffike cikin ciyawa. Da na ɗora batirin a sikeli, giram 120 na gani, alhali na gaskiya mai sel uku (ƙananan batura uku a haɗe), bolt 11.1, yakan kai wajen giram 180.

Don haka ka auna nauyi, kada takardar jiki ta ruɗe ka. Bayan tashin farko, duba nawa caja ta mayar masa. In ya ƙare amma ɗan kaɗan ya sha, lambar mAh ɗin ƙarya ce. Kowane sel ya tsaya a bolt 4.2 in ya cika, a 3.8 in za ka ajiye. Wanda ya kumbura, ko da mai sayarwa ya rantse sabo ne, kada ka karɓa, wuta yake kamawa. Nawa biyun da suka rage ko sati ba su yi ba suka kumbura kamar matashin kai.